Makiyayi da Wayar da ke Hannun Matasan Ikilisiya

Wannan darasi na fastoci ne da masu bishara da shugabannin zumuntar matasa da ke aiki a ƙasar Jega, Aliero da Maiyama, har zuwa garuruwa irin su Jandutsi. Ikilisiyoyinmu a wannan yanki ƙanana ne. Yawancin membobinmu ma'aikata ne da 'yan kasuwa da manoma da ɗalibai, kuma 'ya'yansu suna aji ɗaya da 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi, suna kasuwa ɗaya da su, suna kuma zauren WhatsApp ɗaya. Saboda haka abin da yaro ɗan shekara 15 ya rubuta ko ya tura da dare yana iya shafar ransa da gidansu da dukan ikilisiya kafin gari ya waye.

Wasu dattawa sukan ce maganin abin shi ne a hana yara waya ɗungurungum. Na fahimci tsoronsu, amma wannan shawara ba ta ɗorewa. Tun 2015 jarrabawar JAMB da kwamfuta ake rubuta ta. Yaron da ke neman shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ko kwalejin kiwon lafiya ta Jega, ta intanet zai cike takardunsa, ta nan kuma zai duba sakamako. Mai albasa a Aliero ta waya yake jin farashin Kudu kafin ya ɗora buhu a mota, sau da yawa kuma ɗansa ne ke latsa masa wayar. Bayan haka, yaron da aka hana waya a gida ba ya rasa ta. Yana aron ta abokinsa, ko ta yayansa, ko ya zauna a shagon mai caji. Abin da hanin ya haifar kawai shi ne ran da ya shiga matsala ba zai iya faɗa wa kowa ba, domin faɗar za ta tona cewa ya karya doka.

Yadda abin yake aiki

Kafin fasto ya koyar, ya kamata shi kansa ya gane abubuwa kaɗan game da na'urar. Ba sai ya zama gwanin kwamfuta ba.

Babu maganar da ta zama sirri bayan an tura ta. Saƙon murya da aka saka a zauren mutum hamsin ya shiga waya hamsin, kowanne kuma yana iya tura shi gaba ko ya ɗauki hoton rubutun ya ajiye. Ko mai saƙon ya goge nasa, bai goge na wanda ya riga ya kwafa ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to a waya abin ya fi haka, domin bunun da aka zara ɗaya ne, saƙo kuwa yana haihuwa.

Sa'an nan, suna da hoton da ke kan shafi ba shaida ba ne na wanda ke bayansa. Kowa yana iya buɗe shafi da hoton wata yarinya ko na wani fasto cikin minti biyar. Yanzu ma da ƙirƙirarriyar basira ana iya haɗa hoton da bai taɓa faruwa ba, a kuma kwaikwayi muryar mutum.

Akwai kuma batun yadda kamfanonin ke samun kuɗi. Facebook da TikTok da YouTube ba sa karɓar kuɗin shiga, da talla suke rayuwa, tallar kuwa tana biya ne gwargwadon lokacin da mutum ya ɓata yana kallo. Don haka an tsara manhajar ta lura da abin da ke tsayar da idonka ta ƙaro maka irinsa. Abin da ke tsayar da ido kuwa sau da yawa shi ne abin fushi da abin tsoro da abin sha'awa. Yaron da ya tsaya a kan bidiyon zagin addini sau biyu zai ga na uku ba tare da ya nema ba, har ya ɗauka duniya duka haka take. Yana da kyau matasa su ji wannan daga bakinmu, domin wanda ya san ana jan sa da igiya ya fi iya turjewa. Kamfanonin da kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, ƙasar Ostareliya kuwa a 2024 ta yi dokar da ta ɗaga shi zuwa 16. A wurinmu yara sukan ƙara wa kansu shekaru su wuce, iyaye ba su ma san akwai wata ƙa'ida ba.

Harshe ya koma yatsa

A nan zan fi daɗewa, domin a yankinmu nan ne rai yake.

Ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, 'yar Tungan Magajiya. Abin ya taso ne daga saƙon murya da ta saka a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, wanda wasu suka ɗauka ɓatanci ne. Taron ɗalibai suka jefe ta suka ƙone gawarta, aka ɗauki bidiyo aka yaɗa. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai da kisan. Bayan kwana biyu tarzoma ta tashi a cikin gari har gwamnati ta sa dokar hana fita. A cikin watan nan kuma aka kama Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya a Warji ta Jihar Bauchi, saboda ta tura wani bidiyo game da kisan a zauren abokan aikinta. Ba ita ta yi bidiyon ba, turawa kawai ta yi. Ta yi fiye da shekara ɗaya da rabi a tsare kafin a ba da belinta a Disamba 2023, sai a Disamba 2024 kotu ta wanke ta.

Kada wani ya ɗauka wannan haɗari na Kirista ne kaɗai. Yahaya Sharif-Aminu mawaƙi ne Musulmi a Kano. Waƙar da ya tura ta WhatsApp a 2020 ta sa aka ƙone gidan iyayensa, kotun shari'a kuma ta yanke masa hukuncin kisa a watan Agusta na shekarar, kafin babbar kotu ta ce a sake shari'ar. A Nuwamba 2022 aka kama Aminu Adamu, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, saboda ɗan rubutun da ya yi a Twitter game da matar shugaban ƙasa watanni kafin haka.

Yadda fasto zai gabatar da waɗannan labarai ga matasa yana da muhimmanci ƙwarai. Kisan Deborah kisan kai ne, babu saƙon muryar da zai halatta shi, kuma kada a taɓa koyar da shi ta hanyar da za ta ɗora mata laifin mutuwarta. Haka nan kada a koyar da shi ta hanyar da za ta cusa wa yaranmu ƙiyayyar maƙwabtansu, waɗanda da yawansu sun ƙi abin da aka yi. Abin da muke so yaro ya gane shi ne zauren aji ba ɗakin kwanansa ba ne. Akwai wanda bai sani ba a ciki, ba a ganin fuskar mai magana balle a gane wasa yake yi, kuma saƙon murya da aka yi cikin fushi yakan fita kafin hankali ya dawo.

Wani matashi zai tambaya, kuma yana da gaskiyar tambaya: ke nan mu ɓoye bangaskiyarmu? A'a. 1 Bitrus 3:15-16 ta haɗa abu biyu wuri ɗaya, wato zama a shirye don bayyana begenmu, da yin haka cikin tawali'u da girmamawa. Yaro yana iya faɗin abin da ya gaskata game da Yesu ba tare da ya taɓa abin da maƙwabcinsa yake girmamawa ba. A Ayyukan Manzanni 19, da tarzoma ta tashi a Afisa, magatakardan gari ya iya kwantar da ita ne domin ya shaida cewa abokan Bulus ba su yi wa allahiyar garin saɓo ba, ba su kuma washe haikalinta ba, alhali Bulus ya yi fiye da shekara biyu yana wa'azi a garin. Wannan shaida daga bakin wanda ba mai bi ba ita ce muke so a iya bayarwa a kan yaranmu. A ganina, muhawarar addini a zauren aji ko a ƙarƙashin rubutun wani a Facebook ba bishara ba ce. Ban taɓa jin wanda ya tuba saboda an kayar da shi a gaban mutum ɗari ba. In abokin karatu yana da tambaya ta gaskiya, a zauna da shi ido da ido.

A ba matasa abin yi a fili. In gardamar addini ta ɓarke a zaure, kada ka amsa da murya, kada ka amsa da dare, kada ka amsa kana fushi. In an matsa maka, ka fita daga zauren. In ka ga an fara yaɗa sunanka ko an yi maka barazana, kada ka tsaya bayani, ka bar wurin nan take, ka kira iyayenka da fasto. Shi kuma fasto ya riga ya san lambar DPO da ta hakimi ko mai unguwa, ya kuma kasance yana gaisawa da limamin unguwarsa tun kafin ranar wahala. Zumuncin da ba a ƙulla da rana ba, ba a nemansa da tsakar dare.

Akwai ɗaya gefen da ba mu cika son faɗa ba. Yaranmu ma suna turawa. Hoton gawawwaki ya zo da rubutu cewa jiya aka yi wannan a wani ƙauye, sai a tura zauren matasa, daga nan zuwa na zumuntar mata, alhali hoton na wata ƙasa ne ko na shekara biyar da suka wuce. Doka ta tara, wadda ta hana shaidar zur, ba ta keɓe wanda ya tura abin da wani ya ƙirƙira ba. Nassosi biyu suna da amfani sosai a nan. A Ayyukan Manzanni 21 an ga Bulus a cikin gari tare da Tarofimus, mutumin Afisa, sai aka zaci ya shigar da shi Haikali. Rabin labarin gaskiya ne, an gan su tare, sauran kuwa zato ne, kuma zaton ya kusa kashe Bulus. A Joshuwa 22 kuwa labari ya zo cewa kabilun hayin Urdun sun gina bagade, jama'a suka taru a Shilo da shirin yaƙi. Amma kafin su tashi sai suka aiki Finehas da shugabanni goma su je su tambaya, aka tarar bagaden na shaida ne, ba na tawaye ba. Tafiyar mutum goma sha ɗaya ta hana yaƙin basasa. A sa matasa su karanta surorin biyu a jere, su faɗi da bakinsu inda suka bambanta.

Iyayensu za su tuna da watan Agusta 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya zagaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane sun tashi da asuba suna yi, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka mutu. Kusan duk wanda ya tura saƙon da ƙauna ya tura shi. Tambayoyin da za a koya wa yaro masu sauƙi ne: wa ya fara faɗa, yaushe abin ya faru, wata kafar labarai da aka sani ta ɗauka, me zai faru da wani in ƙarya ne? Saƙon da ya ce a tura wa mutum ashirin yanzu-yanzu, wannan gaggawar kanta alama ce.

Tarkon hoto

Wannan shi ne abin da yara suka fi ɓoyewa. Wani ya buɗe shafi da hoton budurwa ko na saurayi mai kyau, ya fara gaisuwa, ya yaba, ya aiko da kati ko data. Bayan kwanaki, wani lokaci ma sa'o'i, sai ya nemi hoton tsiraici, yakan ma fara aiko da wanda ya ce nasa ne. Da zarar an tura, murya ta sauya: a biya kuɗi, ko a ƙaro hoto, ko a zo wuri kaza, in ba haka ba zai watsa wa iyaye da 'yan makaranta da 'yan coci. A Maris 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Mishigan ta Amurka, Jordan DeMay, ya kashe kansa sa'o'i kaɗan bayan an yi masa haka. Waɗanda suka yi masa 'yan'uwa biyu ne daga Legas, Samuel da Samson Ogoshi. An miƙa su ga Amurka, a Satumba 2024 kuma aka ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi. A Yuli 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram wajen 63,000 a Najeriya da ke wannan sana'a. Lura da cewa samari ma ana kama su, ba 'yan mata kaɗai ba. A garuruwanmu kuma mai barazanar sau da yawa ba baƙo ba ne, tsohon saurayi ne, ko wanda aka kai wa waya gyara.

Makamin mai wannan aiki guda ɗaya ne, kunya. Yana da tabbacin yaron ya fi tsoron mahaifinsa da dattawan ikilisiya fiye da shi. To a nan tilas mu duba al'adarmu ta horo. In yarinya 'yar shekara 16 ta zo da kuka ta faɗi abin da ya faru, mu kuma muka sanar da sunanta ran Lahadi muka mai da ita kujerar baya, mun ƙarasa wa mai barazanar aikinsa, mun kuma koya wa sauran yaran cewa su yi shiru ko da za su mutu. Ba na cewa babu zunubi a tura irin wannan hoto. Akwai, kuma za a yi maganarsa a ɓoye a lokacinsa. Amma yaron da babba ya yaudara wanda aka zalunta ne, ceto yake bukata tukuna. A 2 Sama'ila 13, bayan abin da ya sami Tamar, wanta ya ce ta yi shiru, mahaifinta ya yi fushi amma bai yi komai ba, ta ƙare a kaɗaice, gidan kuma bai tsira da shirun ba.

In irin wannan ya zo gabanka, fara da gaya wa yaron cewa ya yi daidai da ya faɗa, kuma ba za a bar shi shi kaɗai ba. Kada a biya ko kwabo, domin wanda aka biya yakan dawo. A daina amsa masa, amma kada a goge saƙonnin, a ajiye lambarsa da sunan shafinsa da lambar asusun da ya bayar, sa'an nan a toshe shi a kuma kai ƙarar shafin a cikin manhajar. Kai fasto kada ka ce a turo maka hoton, kada ka kalla, kada ya zauna a wayarka. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta ajiye ko yaɗa hoton tsiraicin yaro, ta kuma haramta barazana ta waya, don haka akwai hurumin kai ƙara wurin 'yan sanda. In yarinya ce, matar fasto ko wata uwa mai riƙe sirri ta kasance a wurin. Ka raka yaron wurin iyayensa da kanka, ka fara shiga ka yi magana da uban kafin ya gan shi. A kwanakin farko kada a bar shi ya kwana shi kaɗai, ka kuma tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa.

Dangin wannan tarko shi ne alkawarin aiki ko na taimakon karatu daga wanda aka sani a waya kaɗai. A Afrilu 2021 Iniubong Umoren, wadda ta gama jami'a a Uyo, ta rubuta a Twitter cewa tana neman aiki, wani ya kira ta ganawa, ya kashe ta. Ƙa'idar ita ce ba a zuwa ganin baƙon waya ba tare da babba ya sani ba, ba a kuma zuwa shi kaɗai.

Kuɗin da ba a yi gumi ba

A 2024 da wuya ka shiga majalisar samari ba ka ga ana ƙwanƙwasa fuskar waya ba, wai ana haƙar kuɗi a Hamster Kombat. Watanni aka yi ana sayen data, da ranar biya ta zo kuwa yawanci abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Wannan asarar lokaci ce kawai. MMM da ta tsaya a Disamba 2016 da CBEX da ta rushe a Afrilu 2025 sun tafi da jarin mutane, tsarinsu kuma ɗaya ne: da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko, har ran da sababbi suka ƙare. Abin baƙin ciki, irin waɗannan sukan yaɗu cikin ikilisiya da sauri, domin ɗan'uwa ne ke kawo ɗan'uwa. Cacar ƙwallo ma ta bar shago ta shiga aljihu, yaro yana iya cinye kuɗin makaranta yana kwance a ɗaki.

Damfarar da ta fi kama zaurukan coci ita ce ta satar WhatsApp. Wani ya kira ya ce shi daga zauren addu'a ne, za a yi taro ta waya, an turo maka lamba shida, ka karanto masa. Wannan lamba mabuɗin shafinka ce. Da ka faɗa ya ƙwace, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka. A zauna da matasa a kunna matakin tsaro na biyu a kowace waya, wato lambar sirrin da WhatsApp ke bari mutum ya sa wa kansa. Aikin minti uku ne. A kuma nanata cewa banki ba ya kira ya nemi lambar sirrin kati ko lambar da ya turo ta saƙo.

Sai dai kada mu ɗauka yaranmu kullum su ake cuta. Wasu ana koya musu cutar. Yakan fara da ƙaramin abu: aro mini asusunka kuɗi za su shigo, ka cire ka riƙe kaso. Yaron bai san cewa sunansa da BVN ɗinsa ne ke kan asusun ba, ran da EFCC ta bi sawun kuɗin ƙofarsa za ta fara ƙwanƙwasawa. Labarin Gehazi a 2 Sarakuna 5 ya dace da nan, domin da sunan maigidansa da labarin ƙarya na baƙi mabukata ya karɓi kayan Na'aman, kamar yadda mai satar shafi ke yi. Mu ma a tambaye mu: in saurayi marar sana'a ya kawo baiko mai kauri ran godiyar kaka, muna tafa masa ne, ko muna kiransa gefe mu tambayi inda ya samu? Matasa suna kallon wanda muke ba kujerar gaba.

A batun karatu, zaurukan da ke sayar da amsar WAEC da NECO sata ce, ko da iyaye ne suka biya. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuma, ɗalibi yana iya miƙa aikin da bai rubuta ko layi ɗaya ba. Na'urar tana da amfani wajen bayani da gwaji, amma takan kawo kuskure da cikakkiyar gadara, har da ayar da ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina shi ne: za ka iya gaya wa malaminka yadda ka yi aikin ba tare da ka sunkuyar da kai ba? Faston da ya sauke wa'azin wani ya karanta kamar nasa ba shi da bakin yin wannan tambaya.

Abin da ba a nunawa

Sarki Hezekiya ya zagaya da jakadun Babila ya nuna musu dukan taskarsa, annabi Ishaya kuma ya gaya masa inda kayan za su ƙare (2 Sarakuna 20). A jihar da aka sace ɗalibai a Kwalejin Tarayya ta Birnin Yauri a Yuni 2021, ba sai an yi dogon bayani ba. Hoton kuɗin da aka tara a coci, da sanarwar ranar da matasa za su kama hanyar taro da motar da za su shiga, da hoton yara da rigar makarantarsu, da labarin cewa baba ya sayar da albasa, duk ba na Facebook ba ne. In za a saka hoton tafiya, a bari sai an dawo. Kada kuma a saka hoton kowa ba da izininsa ba, musamman sabon mai bi wanda danginsa ba su sani ba.

Yadda za a koyar

Wa'azi ɗaya mai zafi a kan sharrin waya ba ya aiki, yara sukan sunkuyar da kai su jira a tashi. Ya fi kyau a raba abin zama huɗu ko biyar a lokacin zumuntar matasa, kowa da wayarsa a hannu. A kawo misalin saƙo a tambaye su me za su yi. A bar wanda ya iya ya nuna wa sauran yadda ake toshe mutum da yadda ake ɓoye hoto daga baƙi. Sun fi mu sanin maɓallan, mu kuma mun fi su sanin mutane, darasin yana bukatar duka biyun. Batun tarkon hoto a raba maza da mata.

Iyaye suna bukatar nasu zaman, ta zumuntar mata da ta maza. Uwar da ba ta karatu tana ganin ba ta da ta cewa, alhali tana iya lura da yarinyar da ta daina cin abinci, ko take firgita in waya ta yi ƙara, ko take da katin da ba a san mai saya mata ba. Dokar gida mafi amfani da na sani ita ce waya ba ta kwana a ɗakin yara, a ajiye ta wurin iyaye daga ƙarfe tara. A haɗa ta da alkawari daga bakin uba cewa duk wanda ya kawo matsalarsa da kansa ba za a doke shi ba.

Zauren matasa na ikilisiya ya kasance da manya biyu a cikin masu kula da shi, namiji da mace, da ƙa'ida a rubuce: ba a tura labarin tashin hankali sai an tabbatar, ba a zagin addinin kowa ko ɗan siyasa, ba a tallar hanyar kuɗi. Fasto kansa kada ya riƙa hira ta keɓe da 'yan mata a waya, balle da dare. In yarinya ta rubuto da damuwa, ya amsa a taƙaice ya sa lokacin ganawa da rana tare da matarsa ko wata dattijiya, ya kuma bar saƙonnin yadda suke ba tare da gogewa ba. A zama na ƙarshe a sa kowane matashi ya rubuta sunan babba ɗaya da zai iya kira ko da ƙarfe biyun dare ne, ya ajiye lambarsa a takarda ba a waya kaɗai ba. Wanda ya kasa rubuta kowa, shi fasto zai fara ziyarta a makon.